Shari'ar sarautar Gwandu: Me hukuncin bai-ɗaya ke ɓoyewa?

Idan aka ce alƙalan wata babbar kotu sun yanke hukunci da murya ɗaya, jama'a kan ɗauka magana ta ƙare. Sai dai shari'ar sarautar Gwandu, masarautar da ta haɗa da ƙananan hukumomin Gwandu da Kalgo a jihar Kebbi, ta nuna ba kullum haka abin yake ba.

A watan Yunin 2005 ne gwamnatin Adamu Aliero ta tuɓe Sarkin Gwandu na 19, Al-Mustapha Haruna Jokolo, ta naɗa Muhammadu Iliyasu Bashar.

A 2014 Babbar Kotun jihar ta ce an saɓa wa doka wajen tuɓewar, ta ba da umarnin mayar da shi kan karaga. A watan Afrilun 2016 alƙalai uku na Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato suka tabbatar da hakan, babu wanda ya saɓa.

Inda gizo ke saƙa

Sashe na 294 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa kowane alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara da na Kotun Ƙoli ya bayyana ra'ayinsa a rubuce. Alƙalai na iya haɗuwa a kan sakamako alhali hujjojinsu sun sha bamban, kuma hujjar ce lauyoyi ke kafawa a shari'o'in gaba.

Haka kuma, haɗin bakin alƙalai a kan wata tambaya ba ya kashe wata da ke kwance a ƙarƙashinta. A shari'ar Gwandu tambayoyin biyu ne: shin an bi ƙa'ida wajen tuɓe sarkin, kuma shin kotu na da hurumin sauraron ƙarar tun farko?

Ta biyun ce ta raba kan Kotun Ƙoli a watan Yunin 2025, uku da biyu.

Mafi rinjaye, a hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya rubuta, sun ce dokar sarautu ta jihar ta buƙaci Jokolo ya fara kai kokensa ga gwamna kafin zuwa kotu, kuma bai yi ba. Don haka suka soke hukuncin kotunan baya.

Sauran biyun sun goyi bayan kotunan na baya. Wato cikin alƙalai tara da suka duba batun a matakai uku, shida sun ba Jokolo gaskiya, amma ra'ayin uku ne ya tsaya, shekaru 20 bayan tuɓewar.