Tsofaffin Kuɗinmu: Tarihinsu da Matakan Darajarsu

Da wuya a sami gidan gado a ƙasar Hausa da babu wani ɗan gwangwani ko tsumma da aka ƙulle tsofaffin kuɗi a cikinsa, daga anini da ɗari da kwabo, har zuwa taro da sisi da sule da fataka. Wasu na ganin tarkace ne, wasu kuma na zaton duk wanda ya tsufa dukiya ce. Gaskiyar al'amari tana tsakani, kuma tarihi ne kaɗai ke iya fayyace ta.

Kafin zuwan Turawa da wuri ake ciniki, sai kuma liyari, wato kuɗin azurfar ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza, wanda fatake suka riƙa kawowa ta Sahara. A shekarar 1907 aka buga kwabo da anini masu huda a tsakiya, ɗauke da tauraro mai tsini shida da rubutun Larabci. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma domin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, wadda ta fitar da sulallan azurfa a 1913. Da azurfa ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Farko, sai aka koma tagulla a 1920. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da nasa kuɗin a 1959, kafin naira da kwabo su karɓi ragama a ranar 1 ga Janairu, 1973.

Masana wannan fanni ba shekaru kawai suke dubawa ba. Ma'auninsu huɗu ne: yawan da aka buga, yawan da ya saura, lafiyar kuɗin, da kuma yawan masu nemansa. A bisa wannan ma'auni ana iya jera kuɗinmu hawa huɗu.

A hawa na ƙasa akwai kuɗin 1959, kamar taro mai hoton auduga da fataka mai hoton gyaɗa. An buga su da yawa, don haka suna nan birjik. A nan ne kuma kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas yake. Duk da cewa sarkin ya yi murabus bai cika shekara a kan gado ba, an buga kwabon da yawan gaske, saboda haka labarinsa ya fi farashinsa girma.

Hawa na biyu na liyari ne. Shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗi mutane da dama, alhali shekarar rasuwar sarauniyar ce, aka ci gaba da maimaita ta a duk bugun da ya biyo baya, a Viyana da Landan da sauran birane. Darajar mafi yawansu tana cikin azurfarsu ne, wadda ta kai kashi 83 cikin 100 na nauyin kusan giram 28.

A hawa na uku akwai sulallan azurfa na 1913 zuwa 1920, waɗanda aka janye da dama daga cikinsu, maƙera kuma suka narkar da wasu domin yin awarwaro da zobe. Tare da su akwai aninin alminiyam na 1907, wanda danshi ya riƙa ci har aka sauya ƙarfensa a 1908. Samun wanda bai zagwanye ba sai an tona.

Ƙololuwa kuwa ta kuɗin da aka buga kaɗan ce, ko waɗanda kuskure ya faɗa wa. Ƙananan haruffa irin su H da KN da G suna nuna masana'antar da ta buga kuɗin, kuma sulen 1920 mai harafin G yana cikin masu wuyar samu. Haka ma wani kwabon 1936 da aka haɗa fuskarsa da hatimin kuɗin Afirka ta Gabas bisa kuskure.

Abin takaici, a yau ana sayar da irin wannan gado ga 'yan gwangwan a farashin ƙarfe, ko a goge shi da toka da lemun tsami domin ya yi ƙyalli, alhali gugar nan ita ke zubar da darajarsa. Kira ga 'yan uwa shi ne a adana su a busasshen wuri, a rubuta sunan kakan da ya bar su, a kuma nemi masani kafin a rabu da ko anini. Wanda ya sayar da sulen kakansa ya sami kuɗin cefanen yini guda, amma jikokinsa sun rasa shaidar gumin da aka yi wajen biyan haraji da noman gyaɗa har garin nan ya tsaya da ƙafarsa.