Na Ɗaya, Na Biyu, Na Uku

Mu da muka tashi a Ungogo a ƙarshen shekarun 1990, ba mu muke zaɓar littafin da za mu fara karantawa ba. Wanda mai shagon haya ya samo daga Sabon Gari, shi ne rabonmu. Sau nawa wani ɗan Bachirawa ko Fanisau ya karɓi na biyu, ya tarar an riga an yi kisan, alhali na ɗaya yana hannun wata amarya a Rangaza?

Raba labari kashi-kashi ya daɗe a adabinmu. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, wadda aka fara bugawa a 1937, littafi uku ce, sai dai labaran cikinta kowanne cin gashin kansa yake yi. Haka ma littattafan James Hadley Chase, marubucin Ingila da yayyenmu suka yi yayi: ya rubuta kusan 90 kafin rasuwarsa a 1985, kuma galibinsu ta ko'ina ka faro daidai ne.

Namu na Kano daban suke, kuma talauci ne ya yanka su. Bayan matakan tsuke bakin aljihu na 1986, Naira ta karye, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i irin NNPC ta Zariya suka ja baya. Marubuci ya koma shi ne mai bugawa, shi ne ɗan talla. Sai ya fitar da na ɗaya ɗan siriri, ya tsaya daidai inda bindiga ke kan jarumi, cinikin da ya yi shi zai biya kuɗin na biyu. A wannan kasuwa ce masu labaran bincike da 'yan fashi, irin su Bala Anas Babinlata mai Zinaru da Nazir Adam Salih mai Kibiyar Ajali, suka yi suna. Don haka jerin karatun a nan dole ne, domin labari guda ne aka gutsuttsura. Wanda ya tsallake na biyu ya rasa tsakiyar zance, wanda kuwa marubucinsa ya karye kafin na uku, har yau bai san wa ya yi kisan ba.

Yanzu labaran sun koma WhatsApp da YouTube, amma ciwon bai warke ba. Mu masu rubuta manhajar kwamfuta mun san fayil marar lamba ɓatacce ne, ga shi ana ta tura shafuka babu lamba, wasu ma an goge sunan mai su. Tsofaffin kuma da yawa ba a sa musu shekarar bugu ba, gara na cinye su a adaka.

Duk mai sauran su a gida, ya buɗe adakar nan, ya rubuta sunan littafi da marubuci da lambar kashi, ya ɗauki hoton bangon. Na ukun da wani ke nema shekara ashirin, mai yiwuwa yana ƙarƙashin gadon innarka.