Yadda Kwamfuta Mai Murya Ɗaya Ta Koyi Kiɗa

A watan Afrilun 1982 kamfanin Sinclair na Ingila ya fitar da kwamfutar ZX Spectrum a kan fam 125. Araha ake nema, don haka ba a saka mata na'urar haɗa sauti ba. 'Yar ƙaramar lasifika kawai aka ba ta, wadda ba ta san komai ba sai abu biyu: a ba ta wuta, ko a ɗauke. In aka kunna aka kashe sau 440 cikin daƙiƙa ɗaya, kunne zai ji amo guda. Iyakarta ke nan a takarda.

Matsalar ita ce, ƙwaƙwalwar kwamfutar, wato Z80, ita ce ke wannan kunnawa da kashewa da kanta, kuma ita ce dai ke motsa hotunan wasa. Taura biyu ba ta taunuwa. Matthew Smith ya lallaɓa a wasansa Manic Miner na 1983: na'urar ta ɗan yi kiɗa, ta koma kan hoto, ta sake dawowa. Shi ya sa kiɗan ke fita a tsintsinke.

Wanda ya fi ba da mamaki shi ne Tim Follin, yaron da bai kai shekara ashirin ba. Dabararsa ita ce tsara tsawon kowane bugun wuta da tazarar da ke tsakaninsu, cikin saurin da kunne ba ya iya rarrabewa, har a ji kamar makaɗa da yawa ne ke aiki tare, wani da ƙarfi wani a hankali. A wasannin Agent X na 1986 da Chronos na 1987 ya fitar da muryoyi da dama daga lasifikar nan. Sautin da kaushi, akwai kuma zuza a ƙarƙashinsa, amma a ganina yana cikin mafi ƙwarewar aikin zamanin. Sai dai yakan cinye ƙarfin na'urar kusan duka, don haka a allon buɗe wasa ake jin irinsa, kafin a soma bugawa.

Kwamfutar Amiga ta zo a 1985 da na'urar sauti mai suna Paula, mai muryoyi huɗu. A 1987 Bajamushe Karsten Obarski ya fitar da manhajar Ultimate Soundtracker, inda ake jera guntayen sauti layi-layi. Huɗun ma ba su ishi mutane ba. Sai suka sa ƙwaƙwalwar na'urar ta riƙa tara muryoyi da lissafi kafin ta miƙa wa Paula. Da haka Chris Hülsbeck ya sami bakwai a kiɗan buɗe wasan Turrican II a 1991, manhajar OctaMED kuwa ta kai takwas.

Daga baya kamfanoni da kansu suka rungumi dabarar. Na'urar wasa ta Nintendo 64 ta 1996 ba ta da na'urar da aka ware wa kiɗa. Sashen da ke lissafin hoto shi ke haɗa sauti. Game Boy Advance ta 2001 ma, ban da tsofaffin muryoyin da ta gada, hanyoyi biyu kawai aka ba ta na fitar da sautin da manhaja ta haɗa. Duk muryar da mai kiɗa ya ƙara, daga rabon wasan ake cire ta, saboda haka masu shirya wasanni da yawa suka rage ingancin sautin, kiɗansu ya riƙa fita da shuu a bayansa.