Monday: Daga Ina Kalmar Ta Samo Asali?

Duk sanda na je Maiduguri sarin kaya, "Mande" kawai nake ce wa mai keke, sai ya kai ni ƙofar babbar kasuwar garin. Kullum take ci, amma sunan rana ɗaya ya manne mata. Ko gobarar da ta cinye ta a 26 ga Fabrairun 2023, ranar Lahadi ta tashi.

A Turanci, asalin ma'anar kalmar shi ne "ranar wata", wato watan da ke sama. Mutanen Ingila na da sun fassaro ta ne daga harshen Rumawa, waɗanda suka raba kwanakin mako tsakanin rana da wata da taurari biyar. Lundi da maƙwabtan Barno na Chadi da Nijar ke faɗa a Faransanci ma daga can ta fito. Tamu Litinin kuwa ba ruwanta da wata. Larabci ce daga "biyu", rana ta biyu kenan in an fara ƙirga daga Lahadi.

Nan kudu kuma sunan mutum ne. In ka ji an kira wani Monday, galibi ranar aka haife shi, kamar dai Altine a wajenmu.

'Yan'uwanmu na Onitsha da Aba sun san wata ma'anar daban. A Agustan 2021, da IPOB ta kira zaman gida, Monday ta koma ranar rufe shago a wancan lokacin. Ni kam tun lokacin ba na yarda motar kayana ta shiga can sai Talata.