Reims: birnin naɗin sarakuna da sojojin da suka kare shi

Baƙon da ya sauka Reims, mai masaukinsa kan fara kai shi babbar majami'ar birnin, wadda aka aza harsashinta a 1211. A cikinta aka riƙa naɗa sarakunan Faransa: Charles na 7 a 1429, Jeanne d'Arc na tsaye kusa da shi, har zuwa na ƙarshe, Charles na 10, a 1825.

Sai dai yawon bai cika ba in ba a leƙa lambun Champagne ba. A 1918, sojojin Afirka ta Yamma na cikin waɗanda suka hana Jamus cin birnin. A 1924 aka kafa musu mutum-mutumin tagulla, ɗan'uwan wanda ke Bamako. Da Jamusawa suka mamaye garin a 1940, sai suka tumɓuke shi, suka tafi da shi.

Majami'ar da igwa ta ƙona a 1914, an gyara ta, an sake buɗe ta a 1938. Mutum-mutumin kuwa, shekara 73 ya yi babu kafin a ƙera irinsa a 2013, shugabannin Faransa da Mali suka ƙaddamar da shi a 2018. Haƙƙin mai masauki ne ya nuna wa baƙonsa wuraren biyu.