Daga Samaru Zuwa Bangi: Yadda Bincike Ya Kafu a Jami'o'in Arewa

Duk manomin da ya taɓa sayen irin masara a kasuwar Bangi ko ta Kontagora a Jihar Neja, ya ga an rubuta SAMMAZ a jikin leda, to ya riƙe wani ɓangare na tarihin ilimin Arewa a hannunsa. Haruffa ukun farko Samaru suke nufi, wato unguwar nan ta Zariya inda aka kafa tashar binciken aikin gona a 1922. Haka SAMSORG na dawa, SAMPEA na wake, SAMNUT na gyaɗa. Kowane iri daga cikinsu sai da wasu mutane suka shafe damina bayan damina suna shukawa, suna aunawa, suna zubar da wanda bai yi ba, kafin ya iso buhun ɗan kasuwa. Abin da ake kira bincike ke nan, kuma ya girmi jami'ar da ta ɗauke shi da shekara arba'in.

Ya ma girmi zuwan Turawa. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ya kuma rubuta tarihin ƙasashen nan a cikin Infakul Maisuri, inda ya tattara labarin daulolin da suka gabaci jihadi. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya koma Sakkwato a tafiyarsa ta biyu, daga cikin tsarabar da ya kai wa Bello har da littafin lissafin Yuklid na Larabci, domin ya san irin mutumin da zai tarar. Masarautar Kontagora reshe ce ta wannan gida: Umaru Nagwamatse da ya kafa ta ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku ne, jikan Shehu Usmanu. Abin da tsarin zaure da tsangaya bai da shi shi ne ɗakin gwaji, da albashin da zai sa mutum ya duƙufa kan tambaya guda shekara goma ba tare da tunanin cefane ba.

Turawan mulki sun kawo ɗakin gwaji, amma don bukatar kansu. Samaru audugar da masaƙun Ingila ke nema ta fi damu da ita da farko. Gonar dabbobi ta Shika an buɗe ta a 1928. Cibiyar binciken ciwon barci da sammore ta zauna a Kaduna, ta lafiyar dabbobi kuma a Bom kusa da Jos. Makarantar da ta fi kowace daraja a Arewa a lokacin, Kwalejin Katsina, malaman makaranta da ma'aikatan En'e take fitarwa. Ko da aka buɗe kwalejin jami'a a Ibadan a 1948, 'yan Arewa da ke cikinta ba su taka kara sun karya ba.

Canjin ya zo ne gab da samun 'yancin kai. A 1959 gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin Eric Ashby ya duba bukatar ƙasar ta ilimi mai zurfi, rahotonsa ya fito a 1960 da shawarar a kafa jami'a a Arewa. Sardauna Ahmadu Bello bai yi wata-wata ba. Ranar 4 ga Oktoba 1962 aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, da tsangaya huɗu, sashe goma sha biyar da ɗalibai 426. Aka haɗa mata abubuwan da suke nan tun da: kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, makarantar koyon mulki ta Kongo, kwalejin Larabci da addini ta Kano wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero, da ita kanta tashar binciken noma. Shugabanta na farko, Norman Alexander, masanin fiziks ne ɗan ƙasar Niyu Zilan. A 1966 Dakta Ishaya Audu, likitan yara, ya karɓe shi, ya riƙe jami'ar har 1975, sannan masanin lissafi Iya Abubakar ya biyo baya.

Sashen da ya fara girgiza tunanin mutane shi ne na tarihi. H.F.C. Smith, wanda ya musulunta ya zama Abdullahi Smith, ya baro Ibadan ya zo Zariya da ra'ayi guda: tarihin ƙasar nan yana cikin takardun Larabci da ajami da ke jibge a gidajen malamai, da kuma bakin tsofaffi, kuma rahoton Razdan da Di'o shaida ce ɗaya cikin shaidu, wadda ita ma sai an tuhume ta. Ya jagoranci shirin tattara tarihin Arewa daga 1964, a 1970 kuma aka mayar da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar adana tarihi, wato Gidan Arewa. Murray Last ya zauna gaban Waziri Junaidu a Sakkwato kamar kowane almajiri kafin ya fitar da littafinsa kan Daular Usmaniyya a 1967. Yusufu Bala Usman ya bi garuruwan Katsina da Maraɗi, ya nuna cewa labarin nan na "Fulani sun ci Haɓe" ya yi wa abin da ya faru kaɗan ƙwarai, domin sana'a da ƙasa da fatauci da rikicin fada duk suna ciki. Wanda ya fi kusa da mu mutanen Neja shi ne Mahdi Adamu, mutumin Ngaski. Da tarihin Yawuri ya fara, ƙasar haihuwarsa, daga nan ya bi sawun fatake Hausawa har Gwanja, littafinsa ya fito a 1978, daga baya ya shugabanci jami'ar Sakkwato. Ina yawan tuna wannan idan na ji ɗalibi daga yankinmu yana cewa garinsu ba shi da abin rubutawa.

A ɓangaren likitanci ne aka fi ganin amfanin fara tambaya daga ƙofar gida. An buɗe tsangayar likitanci a 1967, kuma a shekarun 1970 asibitin Zariya ya tara likitocin da duniya ta san sunansu daga baya. Brian Greenwood da Hilton Whittle sun bi sanƙarau da ƙyanda. Da annobar sanƙarau ta ɓarke a 1977, gadaje suka cika, ma'aikata suka yi kaɗan, sai tawagar da ta haɗa da Dakta Sadiq Wali ta gwada allura guda mai daɗewa a jiki a maimakon allurai da yawa na kwanaki. Ta yi aiki, ta kuma zama abin dogaro a ƙasashen Sahel shekaru masu yawa. David Warrell ya kama saran kububuwa. Dafin wannan maciji hana jini daskarewa yake yi, don haka aka fito da gwaji mai sauƙi: a zuba jinin wanda aka sara a kwalba mai tsabta, a bar shi minti ashirin, in bai daskare ba dafi ya shiga, a ba da magani. Har yau da wannan gwaji ake aiki a Kaltungo da Indiya da sauran wurare, kuma ba ya bukatar lantarki.

Sai batun masu jego, wanda ya kamata kowane gida ya san labarinsa. Likitocin Zariya, Eldryd Parry da Neil Davidson, sun lura mata da yawa na zuwa asibiti 'yan makonni bayan haihuwa da kumburi da haki, zuciya ta gaza. Suka bi mata fiye da ɗari biyu, suka shiga gidaje suka ga yadda ake jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa kullum. Suka yanke cewa gishirin kanwa na tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya nauyi. Wannan bayani ya shiga littattafan likitanci na duniya, aka koyar da shi shekara talatin da ɗoriya. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka sake ɗauko maganar da na'urorin zamani da marasa lafiya daga asibitoci da yawa na Najeriya. Abin da suka gano ya karkata ga talauci, rama, ƙarancin karatu da ƙarancin sinadarin seleniyum a jini, fiye da al'adar jego. Ba a ci mutuncin na farko ba, an ɗora ne a kan aikinsu aka gyara. Ni a ganina babu shaidar da ta fi wannan nuna cewa bincike ya yi saiwa a Arewa: ɗan Kano ya duba abin da malaman malamansa suka faɗa, ya auna, ya ce ga inda aka yi daidai, ga inda ba a kai ba.

A asibitin Zariya dai Kelsey Harrison ya rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere tsakanin 1976 da 1979. Sakamakon, da aka buga a 1985, ya nuna matan da ba su taɓa zuwa awo ba sun fi mutuwa nesa ba kusa ba, kuma karatun mace na daga cikin manyan abubuwan da ke raba mai rai da gawa a ɗakin haihuwa. Darasin da ya fi ɗaci kuwa Kano ta gan shi a 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya sa yara 200 cikin gwajin maganin Trovan a tsakiyar annobar sanƙarau, yara 11 suka rasu, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Rashin yardar da wannan ya haifar ya taimaka wajen ƙauracewa rigakafin shan inna a 2003. Binciken da ba a nemi yardar iyaye da harshen da suke ji ba, ɓarnarsa ta fi amfaninsa.

Fiziks da ilimin sinadarai mutane sun fi ganinsu nesa da rayuwa. A 2004 aka kunna injin nukiliya na bincike na farko a Najeriya, a cibiyar makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ƙirar ƙasar Sin, mai ƙarfin kilowat 30 kacal. Ba wutar lantarki yake bayarwa ba. Aikinsa shi ne a saka ɗan ƙasa ko dutse ko hatsi, ya bayyana irin ma'adinan da ke ciki. Wanda ke shakkar amfanin irin wannan awo ya tuna Zamfara a 2010, inda gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. A 2015 abin ya iso maƙwabtanmu na ƙaramar hukumar Rafi, yara 28 suka rasu. A wuraren biyu sai da aka fara binne yara kafin aka auna ƙasa. Ana haƙar zinariya a sassa da dama na Jihar Neja har gobe.

Kimiyyar siyasa ita ce ta jawo wa jami'a fushin masu mulki. A shekarun 1970 da 1980 Zariya ta zama dandalin muhawara kan mulkin soja, rabon arziki da yadda ake amfani da addini don raba talakawa. Bayan kashe ɗalibai a jami'ar a watan Mayun 1986, kwamitin da gwamnati ta kafa ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba shi aka ɗauke su su koyar ba. A 1988 aka ɗauke Patrick Wilmot, malamin ilimin zamantakewa, aka fitar da shi daga ƙasar. A daidai lokacin tsarin tsuke bakin aljihu ya karya darajar naira, mujallun ilimi suka daina zuwa, kayan gwaji suka ƙare, ƙwararru suka watse zuwa Saudiyya, Ingila da Amurka. Abu guda mai ɗorewa da ya fito daga wannan ƙunci shi ne yarjejeniyar 1992 da ƙungiyar malaman jami'a ta ƙulla ƙarƙashin Attahiru Jega, wadda ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993. Shi ne ya zama asusun TETFund a 2011, kuma yawancin sababbin gine-gine da kuɗin bincike na jami'o'in gwamnati daga nan suke fitowa.

Ilimin halayyar ɗan Adam shi ne aka bari a baya. Nsukka ta buɗe sashensa tun 1964, a Arewa kuwa Jos ce ta daɗe tana ɗauke da nauyin, sauran jami'o'i suka fi koyar da shi a matsayin darasin horar da malamai. Yanzu bukatarsa ta zo har ɗaka. Yaran Kagara da aka sace a watan Fabrairun 2021, da na Islamiyyar Tegina da suka yi kusan wata uku a daji a shekarar ta 2021, sun dawo gida da abin da ba a gani da ido. Haka matan da suka kwana a gona suna jin harbi, da samarin da suka ɗauki bindiga a matsayin 'yan banga tun ba su yi gemu ba. Waɗannan mutane suna Bangi, suna Kotonkoro, suna Mariga, kuma yadda za a warkar da su da Hausa da Kamuku da Fulatanci tambaya ce da littafin waje ba zai amsa ba.

Jihar Neja ba ta rasa cibiyoyi ba. Akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna tun 1983, da jami'ar jiha a Lapai tun 2005, da cibiyar binciken hatsi a Badeggi, da ta kifi a Sabuwar Bussa wadda madatsar Kainji ta haifar. Kontagora, da ta daɗe da kwalejin ilimi ta tarayya, daga baya ta samu jami'ar ilimi. Kirana ga malamai da ɗalibanmu da ke waɗannan wurare shi ne su yi abin da Mahdi Adamu da likitocin Zariya suka yi. A auna ruwan rijiyoyin da ke kusa da ramukan haƙar zinariya. A ƙirga matan da ke rasuwa a hanyar asibiti tsakanin ƙauyukan Mariga da Kontagora. A bi kuɗin da ke yawo a kasuwar shanu ta Mariga a ga inda suke zuwa. A zauna da tsofaffin Kotonkoro a naɗi tarihin Kamuku tun suna da rai, domin gudun hijira yana watsa su. In an gama kundin kuma, kada a kulle shi a kabad ɗin sashe: a dawo Bangi, a tara hakimi da dagatai da limamai da mata, a faɗa musu abin da aka gano da harshen da suka ba da amsa da shi.