Lord: Mai Tsaron Burodi

Kalmar "Lord" da ake liƙa wa manyan Birtaniya daga rumbu ta fito. A tsohon Ingilishi ana cewa "hlafweard": "hlaf" shi ne burodi, "weard" kuma mai tsaro. Wato maigidan da barori ke ci a ƙarƙashinsa. Da baki ya yi ta tauna kalmar, sai ta koma "hlaford", daga bisani ta zama yadda take a yau. "Lady" ma daga nan take, asalinta mai kwaɓa burodin.

Sarautun gado biyar ne a can, amma na ƙoli, wato duke, ba a kiransa Lord. Wannan na huɗun da ke ƙasa da shi ne. Ƙananan 'ya'yan duke maza kuwa ara musu ake yi, a haɗa da sunan yanka. Haka Lord Randolph Churchill, ɗan Duke na Marlborough na 7, ya same ta. Da yake aro ce, Majalisar Talakawa ya zauna, ya riƙe muƙamin ministan kuɗi a 1886, ɗansa Winston kuma bai gaje ta ba.

Mu nan ta sunan Lugga, wato Lord Lugard, muka san ta, kuma muna yi masa riga malam masallaci. Lokacin da dakarunsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, da lokacin haɗe Najeriya a 1914, Sir Frederick Lugard ne kawai. Sai a 1928 aka naɗa shi baron. Ya mutu a 1945 bai bar ɗa ba, sarautar ta bi shi kabari.